An Cire Kuɗi, Ba Su Shiga Ba: Wa Za Ka Riƙe?

Ga abin da muka tattauna a wannan karo. Mun rubuta shi domin wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma yana son ya ajiye lissafin kwanakin a aljihu.

A ce ranar Alhamis ce, kana kara a Maigatari. Ka kawo bijimi, an yi ciniki, ka sallama a kan naira 900,000. Mai saye ya zaro waya ya daddanna, ya nuna maka: ga shi an cire kuɗi daga asusunsa. Kai kuma ka duba taka wayar, shiru. Aka jira rabin awa, shiru. Motar da za ta yi Kudu tana lodi, mai saye yana ta rantsuwa, dillali yana jiran la'adarsa, kai kuma kana riƙe da igiya. To, kuɗin nan suna ina? Wa ya kamata ya bi su? Kuma kwana nawa doka ta ba banki kafin laifi ya hau kansa?

Da yawanmu ba da son rai muka shiga wannan harka ba. Ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, shi ya tilasta wa mai shanu da mai hatsi da mai tallar nono karɓar tiransifa. Muka shiga ba tare da wani ya zaunar da mu ya karanta mana ƙa'idar ba. Alhali ƙa'idar tana nan a rubuce, ta ma riga canjin kuɗin.

Fara da sanin hanyar da kuɗin ke bi. In bankin mai saye daban ne da naka, kuɗin ba sa tashi kai tsaye su faɗo maka. Bankinsa zai cire, ya miƙa saƙo ga wata cibiya da ke haɗa bankunan Najeriya, ana ce mata NIBSS, ita kuma ta miƙa wa bankinka, sannan bankinka ya rubuta maka. Zango uku ke nan, kuma a kowane zango saƙo na iya maƙalewa. Shi ya sa mai saye zai iya zama mai gaskiya da ya ce an cire, kai ma kana da gaskiya da ka ce ba su shigo ba. Kowace tiransifa irin wannan tana da lambarta, doguwa, mai alƙaluma 30, wadda ma'aikatan banki ke kira seshan aidi. Ita ce sawun kuɗin, kamar yadda kake bin sawun saniyar da ta ɓalle daga garke. Mai saye ne zai gan ta a rasit ɗin da wayarsa ta ba shi. Ka ce ya tura maka, ko a rubuta maka ita a takarda. In babu ita, ma'aikacin banki zai yi ta lalube ne kawai.

A shekarar 2018 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'ida a kan irin wannan tiransifa ta nan take. A cikinta an ce bankin da kuɗi suka iso masa kada ya wuce minti 4 bai saka su a asusun mai su ba. In kuwa tiransifar ta faɗi, to a mayar wa wanda ya tura kuɗinsa cikin awa 24. Bankin da ya saɓa, tarar naira 10,000 ce a kan kowane ciniki. Kada ka ji tara ka sa rai, ba aljihunka za ta shiga ba, hukunci ne tsakanin Babban Banki da bankin. Amfaninta gare ka shi ne ka san cewa in kwana ɗaya ya cika kuɗi ba su shiga ba kuma ba su koma ba, ba alfarma kake nema ba in ka je ka yi magana.

Mu koma kara. Shawararmu dai ita ce kada ka saki igiya a kan hoton rasit ko saƙon da wani ya nuna maka a wayarsa. Kuma kada ka dogara da alat kaɗai, domin alat ɗin ƙarya yana nan, kuma na gaskiyar ma yakan makara, balle in kana bakin iyaka inda layin Najeriya da na Nijar ke kokawa a waya ɗaya. Duba abin da ke cikin asusunka da kanka. In sun shiga, sun shiga ko da alat bai zo ba. In ba su shiga ba, dabba ta kwana a hannun fatoma ko sarkin kara, da shaidu, zuwa gobe. Mai saye shi zai bi bankinsa, domin shi aka cire wa. Abin da ke jawo rigima mafi muni shi ne a matsa wa mai saye ya sake turawa, can da dare duka biyun su shigo, da safe kuma mai shanu ya riga ya yi daji. In an sake turawa, a yi a gaban dillali, a karɓi lambar waya da sunan Arɗon mai dabba, a kuma yi magana a fili cewa in biyu suka shigo za a mayar da ɗaya.

Sai maganar kati. Tun daga 8 ga watan Yuni na 2020 Babban Bankin ya rage wa'adin da ya ba bankuna. In ka sa katinka a na'urar ATM ta bankinka, ta cire a lissafi amma ba ta ba ka kuɗi ba, ana son su dawo nan take. In na'ura ta kasa mayarwa da kanta, ma'aikata su mayar da hannu cikin awa 24. In na'urar wani banki ce daban, awa 48. In kuwa a POS ne, ko sayayya ta intanet, awa 72, wato kwana uku. Kafin wannan lokaci ana kai kwana biyar.

A kan POS za mu ɗan tsaya, domin nan ne aka fi cin kwalar juna a kasuwanninmu. Ka ba yaro kati, ya sa, na'ura ta fitar da takarda an rubuta DECLINED, ma'ana ciniki bai yiwu ba, amma wayarka ta yi ƙara an cire maka naira 50,000. Ranka zai ɓaci, dole. Sai dai ka sani, a mafi yawan lokuta kuɗin nan ba su je wurin yaron ba. Suna rataye ne tsakanin bankinka da kamfanin da ya ba shi na'ura. Ko ka kwana a rumfarsa ba shi da abin da zai ba ka, in ma ya ba ka don kunya ko tsoro, daga jarinsa ya ba ka, kuma gobe kuɗinka za su dawo maka ka zama kai ne da bashi. Abin da za ka karɓa a wurinsa shi ne takardar nan. A jikinta akwai rana da lokaci, da lambar na'urar, da wata lamba da ake rubuta RRN a gefenta. Da ita za ka je bankin da ya ba ka kati, ba bankin mai POS ba, ba kuma kamfanin na'urar ba. Bankinka ne zai bi maka.

Wani abu ƙarami da ke ɓatar da kuɗin mutane: takardar POS ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun. Ka sa ta a aljihun gaba ka yi kwana uku a rana, ko ka cusa ta cikin hula, sai ka ciro farar takarda fes. Ɗauki hotonta tun a rumfar. In wayarka ba mai hoto ba ce, ka sa wani ya kwafe lambobin da biro.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Takarda ta fito APPROVED, ma'ana ciniki ya yiwu, amma mai POS ya ce bai gani ba, ya hana ka kuɗi. Ko ka ba shi tsaba ya tura wa wani, ya ce ya tura, can kuma ba a gani ba. A nan ƙa'idar wakilcin banki, wadda Babban Bankin ya fara fitarwa a 2013, ta ce bankin ko kamfanin da ya naɗa wakili shi ke ɗauke da alhakin abin da wakilin ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Don haka ka lura da sunan kamfanin da ke jikin na'ura da kan rasit. Ko yaron ya tashi daga rumfar, kamfanin ya san wanda ya ba wa na'ura mai wannan lamba. Wakilin da ya ce maka takarda ta ƙare, ba zai ba da rasit ba, ka nemi wani.

To, wa'adi ya cika, kuɗi ba su dawo ba. Yaya ake kai kuka?

Matakin farko bankinka ne, ba a tsallake shi. Ka je ko ka kira, amma mu mun fi son a rubuce. Wasiƙar ba sai ta yi tsawo ba: sunanka, lambar asusunka mai alƙaluma 10, ranar da abin ya faru, nawa ne, a ina, lambar cinikin, da abin da kake nema. Ka yi kofi biyu, su buga hatimi a ɗaya su ba ka. Sannan, kuma wannan shi ne jigon maganar, ka ce a ba ka lambar ƙorafi. Ƙa'idojin kare masu hulɗa da banki da Babban Bankin ya fitar a ƙarshen 2019 sun wajabta wa banki ya karɓi ƙorafinka, ya ba shi lamba ta bibiya, kuma ba a biyan ko kwabo don wannan. Wanda aka ce wa “je ka gida, za su dawo” ba tare da lamba ba, a wurin banki kamar bai taɓa zuwa ba ne. Mun san akwai kunya. Mutum ya taso daga ruga, ya biya kuɗin mota zuwa Gumel ko Daura, ya tarar da layi, yarinya sa'ar ’yarsa tana yi masa Turanci. Ka daure. Ka ce a haɗa ka da mai jin Hausa ko Fulatanci, ka tsaya har a ba ka lambar.

Daga nan banki yana da mako biyu. In mako biyu sun wuce ba a warware ba, ko an ba ka amsar da ba ta gamsar da kai ba, sai ka ɗaga ƙara zuwa sashen kare masu hulɗa da banki na Babban Bankin Najeriya. Ba sai ka je Abuja ba. Babban Bankin yana da reshe a kowane babban birnin jiha, Katsina, Sakkwato, Dutse, Birnin Kebbi, Damaturu, Maiduguri, kuma ana iya kai wasiƙa can ko a tura ta imel. Abin da za su fara tambaya shi ne shaidar ka fara kai wa bankinka. Ka ga inda takardar mai hatimi da lambar nan suka yi rana. Akwai kuma iyaka ta shekara 6 daga ranar ciniki da aka sa wa irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe tun 2015, sai dai mai hankali ba ya jiran ko wata guda, domin shaida tana tsufa.

In ka ji wani a Facebook yana cewa kana da kwana 60 ka kai ƙara, kuma dole banki ya fara saka maka kuɗin na wucin gadi in bincikensa ya wuce kwana 10 na aiki, gaskiya ya faɗa, amma dokar Amurka ce ta 1978. Kada ka je Jibiya da ita.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu kuskuren na'ura ne. Kuskuren yatsa daban ne, kuma ya fi wuya. Ka sa 6 a wurin 9, kuɗin hatsi suka tafi asusun wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba. A nan banki bai yi laifi ba, abin da ka umarce shi ya yi. Ƙa'idar 2018 ta ce in ka san mutumin, ku fara sasantawa. In ba ka san shi ba, ko ya ƙi, bankinka zai sanar da bankinsa, su riƙe daidai wannan adadi a asusunsa, su nemi yardarsa a mayar. In bai yarda ba, masu binciken bankunan biyu su shiga tsakani cikin mako biyu. Haka yake a takarda. A aikace, bankuna da yawa sukan ce sai ka kawo umarnin kotu kafin su taɓa kuɗin wani, kuma in mutumin ya riga ya kwashe, babu abin da za a riƙe. Don haka a wannan matsala awa ɗaya ma tana da tsada. Kira bankinka tun kana tsaye a wurin. In kuwa bankin ne da kansa ya yi kuskuren, ya tura sau biyu ko ya tura wa wanda ba ka ce ba, to shi zai nemi a mayar, kuma bankin da ya karɓa zai mayar ba sai ya nemi izinin mai asusun ba, muddin kuɗin suna nan. Kafin ka danna tura, waya takan nuna sunan mai asusu. Karanta shi, ko a karanta maka da ƙarfi mai kaya ya amsa cewa sunansa ne. Kai ma da kuɗin wani suka faɗo maka, kada ka ce rabo ne. Ana iya sa wa lambar BVN ɗinka alama, abin ya bi ka duk bankin da ka je.

Yanzu maganar da ba a so. Lambar sirri. Mun san dalilin da ya sa dattijo ke miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar da baki: ido ya yi rauni, ko boko bai samu ba. Amma ka sani, duk kariyar da muka lissafa tana raunana a ranar da aka cire kuɗi da katinka da lambarka daidai. Banki zai ce kai ne, ko wanda ka ba. Tabbatar da akasin haka aiki ne ja. Alƙaluma huɗu ne kacal. Wanda ya san shanunsa ɗari da kamanninsu da iyayensu ba zai gagara riƙe wurin maɓalli huɗu ba. A gwada a gida da tsohuwar waya har hannu ya saba. In kati ya ɓace, ko wayar da layin banki ke ciki, a rufe asusun a ranar, kada a bari sai ranar kasuwa. An wajabta wa bankuna su riƙe teburin karɓar rahoton zamba dare da rana, kuma akasarinsu suna da gajeriyar lamba da za a danna ko a wayar wani a rufe asusu. Tambayi ta bankinka tun yau, ka rubuta ta a wani wuri da ba cikin wayar ba. Wanda kuma ya kira ka ya ce daga banki yake, zai taimaka maka a dawo da kuɗinka in ka faɗa masa lambar da aka turo maka, ɓarawo ne. Sukan fi samun mutum a daidai lokacin da yake jiran kuɗin da suka maƙale.

Mu tsallaka Nijar. A can, bankuna da kamfanonin kuɗin salula suna ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashe 8 masu amfani da sefa ta Yammacin Afirka, mai hedikwata a Dakar, da ofisoshi a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kuɗin salula suna da ƙa'idarsu ta 2015. A 2020 kuma hukumar da ke sa ido a kan bankunan yankin, mai zama a Abijan, ta fitar da umarni a kan yadda za a riƙa karɓar kukan abokan hulɗa: a samar da hanyar kai ƙorafi, a ba da shaidar an karɓa, a ba da amsa cikin wata ɗaya. In ba a amsa ba ko amsar ba ta yi ba, ana iya kai wa hukumar. Tsarin dai ɗaya ne da na Najeriya, a fara da wanda ya riƙe kuɗin, a karɓi shaida, sannan a hau sama; wa'adin ne ya bambanta. Saƙon da ke zuwa bayan kowane aike yana ɗauke da lambar cinikin. Kada ka goge shi don waya ta cika. Resin da aka ba ka a gishe ma haka.

Inda dokokin biyu suka bar mu a fili shi ne tsakiya. Ka tura wa ɗan canji naira a asusunsa na Najeriya, yaronsa ya ba ɗan'uwanka sefa a Ƙonni ko Ɗan Isa. A idonka ciniki ɗaya ne. A idon banki kuwa tiransifa ce kawai daga wane zuwa wane, kuma ta isa lafiya. In sefa ba ta fito ba, Babban Bankin Najeriya ba shi da abin da zai gyara, BCEAO kuma ba ta ma san an yi ba. Abin da ya rage maka shi ne rasit ɗin da ke nuna ka tura, da shaidu, da shugabannin ’yan canji na kasuwar, in ta ƙi kuma sai hukuma da kotu. Saboda haka ka tabbata sunan da ke kan asusun na mutumin da kuka yi magana ne. In ya ce ka tura a asusun ƙaninsa, ya faɗa a saƙon murya ko a gaban mutum biyu.

Haka nan ɗan'uwa na Nijar da ke karɓar kuɗin dabbobinsa ta asusun maigidansa na Illela ko Mai'aduwa, domin shi ba shi da BVN. Amana ce mai kyau, kuma da ita kasuwa ke tafiya. Sai dai ranar da kuɗi suka maƙale, banki ba zai saurare ka ba ko da kai ne mai shanun. Mai asusu kaɗai ke da bakin magana. Ku yi wannan magana da maigidan naka tun kafin ta faru: in ta maƙale shi zai je banki, wa zai biya kuɗin mota, kuma zai nuna maka takardar bayanan asusu ta wannan rana don zuciya ta kwanta. Wannan takarda haƙƙinsa ce a banki, in ya nema za a buga masa, kuma ita ce ke raba gardamar “sun shigo” da “ba su shigo ba”.

Ke ma mai kai nono da man shanu gari, da kike karɓa ta asusun ɗanki ko na mai shagon da kike sauka, wannan magana ta shafe ki. Naira 3,000 da ta maƙale ƙa'idarta ɗaya da ta mai bijimi: awa 24 in tiransifa ce, awa 72 in POS ce, kuma ba a sa wa ƙorafi mafi ƙarancin kuɗi ba.

Wanda ke da kuɗin da suka maƙale yanzu haka kuma wa'adi ya wuce, ya haɗa abu huɗu kafin ya hau mota: katin shaidarsa, wayar da layin bankin ke ciki, rasit ko hotonsa, da wasiƙar nan kofi biyu. A je da safe, daga Litinin zuwa Juma'a, kuma a guji ranar kasuwar garin in da hali, domin ranar ce layi ya fi tsawo.